Tsirkiya da Ƙwarya: Tarihin Neman Muryar Mace

Akwai wata shekara a rayuwar kowane ɗa namiji da muryarsa take kunyata shi. Yana gaban malam, ya ɗauko karatu da 'yar siririyar muryarsa, sai ta goce ta faɗa ƙasa, sauran yara su bushe da dariya. Kafin shekara ta zagayo ta zauna a ƙasan, zakaran wuya ya ɓullo, a gida a fara cewa wane ya zama saurayi. Daga nan kuma ba ta sake hawa da kanta. Saukar murya abu ne mai sauƙi, ko ga namiji ko ga mace. Mayar da ita sama shi ne aikin da ya sha kan wanzamai da limaman coci da malaman waƙa da likitoci fiye da shekara ɗari huɗu.

Wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi ya riga ya san rabin ilimin. Tsirkiya tana ƙara sirancewar sauti idan an ɗaure ta tamau, ko an danne ta da yatsa an rage mata tsawo, ko kuma ita kanta siririya ce. A cikin maƙogwaro akwai tsirkiya biyu na nama, waɗanda ɗaliban tsarin sautin Hausa suka sani da sunan tantanin maƙwallato. Iska daga huhu ce ke kaɗa su. Na namiji baligi tsawonsu yakan kai milimita 17 zuwa 25, na mace 12 zuwa 17 ko sama kaɗan. Idan namiji yana hira, nasa sukan karkaɗa kamar sau 120 a daƙiƙa ɗaya, na mace kuwa wajen sau 200 zuwa 220. Ɗaya rabin ilimin yana wajen ƙwaryar gurmin. Sautin da tsirkiya ta fitar sai ya ratsa maƙoshi da baki da hanci kafin ya isa kunne, kuma wannan kogo na namiji ya fi na mace tsawo da kamar santimita biyu zuwa uku. Likitoci sun daɗe suna fama da tsirkiya kafin su waiwayi ƙwarya.

Hanya ta farko da aka bi ita ce mafi muni: a tare muryar tun ba ta sauka ba. A Italiya ta ƙarni na 16, coci ba ya barin mata su yi waƙa a cikinsa, a ƙasar Fafaroma kuma an hana su hawa dandalin wasa. Amma waƙoƙin na buƙatar siririyar murya, yaran da ake horarwa kuwa da zarar sun ƙware sai balaga ta ƙwace su. Sai aka koma dandaƙe yara maza tun suna da shekara bakwai zuwa goma sha biyu. A 1589 Fafaroma Sixtus na Biyar ya sake tsara mawaƙan cocin Saint Peter, ya ba dandaƙaƙƙu gurbi a cikinsu. Dokar coci ta haramta dandaƙar, amma tana karɓar wanda aka riga aka dandaƙe, saboda haka kowane yaro yakan zo da labarinsa: wannan doki ne ya kayar da shi, wancan aladen daji ne ya cije shi. Wasu masana tarihi sun ƙiyasta cewa a lokacin da abin ya fi tashe, a farkon ƙarni na 18, ana yi wa yara kusan 4,000 haka a kowace shekara, yawancinsu 'ya'yan talakawa da iyayensu suka hango musu arziki. Kaɗan ne suka same shi. Carlo Broschi, wanda duniya ta sani da Farinelli, ya kai ga a 1737 aka ɗauke shi zuwa fadar Sifen yana yi wa Sarki Philip na Biyar waƙa da dare don ya rage masa baƙin ciki. Sauran dubban sun ƙare a ƙananan coci-coci, babu suna, babu zuriya.

Abin da aka samu ma ba muryar mace ba ce. Maƙogwaron yaro ne a kan ƙirjin ƙato, domin rashin sinadarin mazakuta yana sa ƙasusuwa su yi ta tsawo, haƙarƙari ya buɗe, numfashi ya yi nisa. Muna da shaidar kunne guda ɗaya. Alessandro Moreschi, wanda aka haifa a 1858, ya shiga mawaƙan Fafaroma a 1883, kuma an ɗauki muryarsa a faifan garmaho a 1902 da 1904. Ana samun faifan a intanet yau. Mai sauraro yakan rasa inda zai ajiye ta, ba ta yaro ba, ba ta mace ba. A watan Nuwamban 1903 Fafaroma Pius na Goma ya ba da umarnin a riƙa amfani da yara maza wajen siraran muryoyi, da haka aka rufe ƙofar. Moreschi ya mutu a 1922.

A can gabas an fuskanci irin wannan matsala, aka warware ta ba tare da wuƙa ba. Tun da aka hana mata wasan kabuki a Japan a 1629, maza ne ke fitowa a matsayin mata, suna shafe shekaru suna koyon murya da tafiya da karkatar da wuya. A Sin, Mei Lanfang ya yi suna har Amurka da Rasha da fitowar mata kaɗai. Waɗannan sun gane tun da wuri cewa kunne ba tsirkiya kaɗai yake saurare ba, sai dai iliminsu ya tsaya a gidan wasa, bai shiga asibiti ba.

Abin da ke saukar da murya kuwa, zakaru ne suka tona shi. A 1849, a garin Göttingen na Jamus, Arnold Berthold ya ɗauki 'yan zakaru shida ya fiɗiye su. Waɗanda ya bari haka nan, tsoronsu ya ƙanƙance, ba su faɗa, ba su cara yadda ya kamata. Waɗanda ya mayar musu da ƙwan a cikin ciki, nesa da mazauninsa na asali, suka girma suka yi cara kamar kowane zakara. Berthold ya ce lalle wani abu ne ke fita daga ƙwan yana bin jini. Bahaushen da ya raɗa wa wannan ƙullutu na maƙogwaro suna zakaran wuya bai yi nisa da gaskiya ba.

Shekara biyar bayan haka aka fara ganin tsirkiyar da ido tana aiki. Wanda ya gan ta ba likita ba ne, malamin waƙa ne ɗan Sifen mai suna Manuel García. Wata rana a watan Satumban 1854 yana yawo a Paris, hasken rana yana walƙiya a jikin tagogi, sai dabara ta faɗo masa. Ya tafi shagon mai sayar da kayan likitoci ya sayi wani ɗan madubin likitan haƙori mai dogon mariƙi a kan faran shida. Da ya koma gida ya ɗumama madubin a ruwan zafi don kada numfashi ya dusashe shi, ya goge, ya kai shi can ƙuryar baki ya jingina da beli, ya ɗauki madubin hannu ya karkato da hasken rana ciki. Sai ga tantanin nan biyu a buɗe, yana ja musu sauti suna haɗuwa suna rabuwa. Ya kai rahoto ga ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan a 1855, ba a damu da shi sosai ba. Likitoci biyu, Ludwig Türck na Biyana da Johann Czermak, su suka mayar da madubin kayan asibiti, sa'an nan suka yi ta rigima kan wa ya riga wani. Türck ya dogara da rana, hunturun Turai ya hana shi aiki, Czermak ya kunna fitila ya wuce shi. García kuwa ya rayu shekara 101, ya ga ana karrama shi kafin ya mutu a 1906.

A 1935 aka tace sinadarin da Berthold ya hango, aka sa masa suna testosteron, kuma a shekarar aka iya haɗa shi a ɗakin gwaji. Daga nan labarin ya ɗauki wata hanya da mutane da yawa ba su sani ba. Ba tare da wata maganar sauya jinsi ba, akwai mata da aka haifa mata, suka girma mata, magani ya sauke musu murya. A shekarun 1950 da 1960 likitoci sun riƙa ba mata allurai da ƙwayoyi masu wannan sinadari ko danginsa, wata don sankarar mama, wata don wahalar ɗaukewar al'ada, wata don rama ko raunin ƙashi. Sai mace ta wayi gari muryarta tana gocewa kamar ta yaro mai balaga. Wani likitan murya ɗan Holan, P. H. Damsté, ya yi rubutu a kan haka a shekarun 1960 yana jan kunnen 'yan'uwansa. Abin takaicin shi ne ko an daina maganin, galibi muryar ba ta komawa, domin naman tantanin ya riga ya yi kauri. Malamar makaranta ko mawaƙiya da wannan ya faɗa wa, sana'arta ce ta tafi, ban da baƙin cikin ta ɗaga tarho a ce mata ranka ya daɗe.

Gwamnatin Jamus ta Gabas ta aikata wannan da gangan. Daga 1974, a ƙarƙashin wani shirin sirri mai lamba 14.25, an riƙa ɗura wa 'yan wasa, har da 'yan mata ƙanana, wata shuɗiyar ƙwaya mai suna Oral-Turinabol, ana ce musu bitamin ne. A gasar Olamfik ta Montreal a 1976, matan ƙasar suka kwashe zinare 11 cikin 13 na ninƙaya. Ba'amurkiya Shirley Babashoff ta fito fili ta yi maganar kaurin muryoyin da take ji a ɗakin sauya kaya, jaridun ƙasarta suka ce baƙin cikin shan kaye ne. Amsar da ta fito daga ɓangaren Jamusawan ta zama abin maimaitawa: wai iyo suka zo yi, ba waƙa ba. Sai bayan rushewar katangar Barlin takardu suka fito. A shekarar 2000 kotu ta sami shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da babban likitan shirin, Manfred Höppner, da laifi, amma aka yi musu ɗaurin talala, ɗaya wata 22, ɗaya wata 18. Matan da suka ba da shaida a kotun da muryoyin da aka bar musu suka ba da ita.

Tiyatar murya ta tsaya da ƙafarta a wannan tsakani. A shekarun 1960 Oskar Kleinsasser a Jamus ya daidaita hanyar zura bututun ƙarfe ta baki a yi aiki a kan tantanin ana kallo ta madubin ƙara girma. A 1972 likitoci biyu a Boston, Strong da Jako, suka shigo da hasken leza. Amma wanda ya buɗe ƙofar ɗaga murya shi ne Nobuhiko Isshiki na Jami'ar Kyoto. Tunaninsa shi ne tantanin abu ne mai laushi, duk inda wuƙa ta taɓa sai ya yi tabo, tabo kuma ba ya karkaɗawa. To, a bar tsirkiya, a gyara sandar da aka ɗaure ta a kai. A 1974 ya bayyana hanyoyi huɗu na sarrafa guringuntsin maƙogwaro daga waje. Ta uku tana sassauta tantanin murya ta sauka, ta huɗu tana ɗaure shi ta hau.

Ta huɗun ga yadda take. Maƙogwaro yana da guringuntsi babba mai siffar garkuwa, wanda tsininsa ne zakaran wuya, a ƙasansa kuma akwai wani mai siffar zobe. Tsakaninsu akwai 'yar tsoka da ke jan su su matso juna duk lokacin da mutum zai sirance murya. Mai karatu na iya ɗora yatsa a wurin ya ja sauti daga ƙasa zuwa sama, zai ji ramin yana rufewa. Isshiki sai ya ce a ɗinke su a haɗe, su zauna a matse har abada. Yakan yi aikin da allurar kashe wuri, mara lafiya idonta biyu. An tsaga wuya, likita ya ratsa zare ta garkuwa da zobe, ya ja, ya ce wa mara lafiyar ta ja wasali ko ta ƙirga. Ya saurara, ya ƙara ja, ta sake magana, sai sautin ya kai inda ake so ya ƙulle zaren. Mai kalangu ma haka yake matse igiya a hammata yana sauraron fata. Mata masu kaurin murya suna cikin waɗanda Isshiki ya fara yi wa wannan aiki.

Kafin nan wasu masu neman aikin sun riga sun fara taruwa a ƙofar asibitoci. Labarin Christine Jorgensen, tsohon sojan Amurka da aka yi wa aikin sauya jinsi a Denmak, ya cika jaridu a 1952. A 1966 Harry Benjamin ya fitar da littafinsa a kan irin waɗannan mutane, a shekarar kuma asibitin Johns Hopkins ya buɗe musu sashe. Nan likitoci suka ci karo da abin da ya kamata su sani tun daga zakarun Berthold. Mace da ke komawa namiji, testosteron kaɗai yakan sauke mata murya cikin watanni. Namijin da ke komawa mace kuwa, ko ya shekara goma yana shan sinadarin mata na estrojin, fata za ta yi laushi, ƙirji ya fito, amma maƙogwaron da ya riga ya girma ba ya ƙanƙancewa. Tufafi da fuska suna iya wucewa a kasuwa, gaisuwa ɗaya ta tona komai. A wasu wuraren abin ya wuce jin kunya, ya kai ga duka ko rasa aiki.

Haka aikin Isshiki ya zama abin da aka fi yi musu har wajen shekara ashirin, aibobinsa kuma suka yi ta bayyana. Zare yana sassautawa ko ya yanke guringuntsi, bayan shekara ɗaya ko biyu murya ta sake zamewa ƙasa. Tunda an ɗaure tsokar da ke hawa da sauka, wasu muryar takan tsaya musu wuri ɗaya, siririya amma ba rai, kamar ta mai kwaikwayo. Ga tabo a wuya. Mafi ban haushi, jan garkuwar yana ƙara turo zakaran wuya waje, wato an gudu ba a tsira ba. Shi ya sa ake haɗawa da aikin kankare zakaran, wanda Wolfort da Parry suka bayyana a 1975. Shi ma da haɗarinsa: tantanin a cikin garkuwar yake manne, 'yan milimita kaɗan ƙasa da tsinin. Likita ya zarce da kankara, tsirkiya ta saki, wanda ya zo neman siririn wuya ya koma gida da murya mafi kauri da dishewa.

Hanyar da ta ture wannan daga Barlin ta Gabas ta fito, daga asibitin Charité, a daidai lokacin da katanga ke rushewa. Jürgen Wendler ya bayyana ta ga likitocin murya na Turai a wani taro a garin Salsomaggiore na Italiya a 1990. Shi bai ɗaure tsirkiya ba, ya danne ta ne da yatsa. Tantanin biyu a gaba suke haɗe, su buɗe ta baya kamar bakin almakashi. Ana sa mutum barci, a shiga ta baki ba tare da an taɓa fatar wuya ba, a kankare fatar gefen tantanin daga gaba, kamar sulusin tsawonsa ko kusa da rabi, da 'yar wuƙa ko da leza, sa'an nan a ɗinke ɓangarorin biyu da zare ɗaya ko biyu. Idan ciwon ya warke sai su manne su zama nama ɗaya, abin da ya rage yana karkaɗawa ya zama gajere kamar na mace. Tiyatar ba ta cika wuce awa ɗaya ba. Wahalar tana bayanta: mako guda zuwa biyu ba magana, ba raɗa, ba dariya, ba gyaran murya, tari ma sai dai a danne shi, domin tari ɗaya mai ƙarfi yana iya tsinke ɗinkin. Da takarda da biro ko rubutun waya ake neman ruwan sha. Bayan an buɗe baki ma muryar takan yi watanni a dishe kafin a san abin da aka samu.

Manfred Gross, shi ma a Barlin, ya wallafa sakamakon marasa lafiyarsa a 1999, daga nan hanyar ta bazu. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu, Hyung-Tae Kim ya yi mata gyare-gyare, a 2017 ya fitar da rahoton mutum 362 da ya yi wa cikin shekara goma sha biyu, har da mata masu kaurin murya na halitta ko na ciwo. Wani nazari da ya tattara rahotanni a wannan shekarar ya nuna cewa rage tsawo yana ƙara karkarwar tantanin da kamar sau 70 a daƙiƙa, ɗaurin Isshiki kamar 40, rage kaurin tantanin da leza kuwa ƙasa da haka. Ba kyauta ake samu ba. Gajeriyar tsirkiya ba ta da ƙarfin doguwa, saboda haka kiran wani daga nesa ko magana a cikin hayaniya yakan yi wuya, mawaƙi kuma yana iya rasa wani yanki na muryarsa. Ƙofar numfashi ma ta ɗan ƙuntata. Naman da aka manne kuma ba a raba shi ya koma yadda yake.

Wasu sun fi haka zafin hannu. Somyos Kunachak a Bankok, a shekarar 2000, ya tsaga garkuwar ya yanke tsakiyarta tare da gaban tantanin, ya haɗa sauran. James Thomas a Portland ta Amurka ya ɗora a kan wannan, ya ƙara da ɗaga dukan maƙogwaron sama ya ɗaure shi kusa da ƙashin da ke ƙarƙashin harshe, don kogon ya gajarce. Yunƙuri ne na taɓa ƙwarya da wuƙa, kuma shi ne mafi girman haɗari. Likitoci kaɗan ne ke yin sa.

Abin da ya kai Thomas ga ƙwarya, masu nazarin sauti sun daɗe da saninsa. A 1968 Schwartz da Rine suka sa maza da mata suka raɗa wasula, masu sauraro suka riƙa gane wane ne namiji wace ce mace, alhali a raɗa tantanin ba ya karkaɗawa ko kaɗan. Kowa na iya gwada wannan a ɗakinsa a kashe fitila. A farkon shekarun 1970 Ralph Coleman ya ba maza da mata na'urar nan da ake manna wa a wuya ga wanda aka cire wa maƙogwaro, kowa ya yi magana da sauti iri ɗaya, duk da haka aka bambance yawancinsu. Nazarin Hillenbrand da Clark na 2009 ya yi amfani da kwamfuta: a ɗaga sautin namiji kaɗai, kunne ya ce namiji ne ya maƙe murya, a sauya amon kogon kaɗai, haka nan, sai an sauya duka biyu yake yarda.

Wani ɓangaren kuma koyo ne tsantsa. An sha gwadawa an ga ana gane muryar yaro da ta yarinya tun kafin balaga, lokacin da maƙogwaronsu kusan ɗaya ne. An kwatanta matan Japan da na Holan an ga na Japan sun fi sirance murya. A Ostireliya an auna faifan 'yan mata na 1945 da na 1993, aka tarar muryar ta sauka daga karkarwa 229 zuwa 206, ba tare da maƙogwaron kowa ya sauya ba. Mu ma a nan ba baƙon abu ba ne. 'Yan daudu, waɗanda Rudolf Gaudio ya zauna da su a Kano a shekarun 1990 ya rubuta littafi a kansu, ba su taɓa ganin likitan murya ba. Da jan wasali, da lanƙwasa ƙarshen zance, da habaici, da "ke" a maimakon "kai" suke yin abin, har mai wucewa ta bayan zana ya ɗauka mata ne ke hira.

A kan wannan aka gina horon murya. Rahotannin farko sun fito a ƙarshen shekarun 1970, sai Jennifer Oates da Georgia Dacakis na Melbourne suka ba shi tsari daga 1983. Na farkon yana da abin dariya a ciki, domin an riƙa koya wa mutane su yi magana kamar matan fim, da yawan neman afuwa da kalmomin shagwaɓa, har ɗalibi ya fito yana magana yadda babu macen da ke yi. An watsar da wannan. Yau zaman horo yakan fara da gunji baki a rufe, ana neman jin kaɗawar a leɓe da hanci maimakon ƙirji. Malama ta danna sauti a molon Turawa ko a waya, ɗaliba ta bi, ana hawa kaɗan-kaɗan har a wuce karkarwa 155 zuwa 165, inda bincike ya nuna kunne yake fara shakka, a nufi 180. Sa'an nan a koma kan kogo: a ɗan ɗaga maƙogwaro, a turo harshe gaba, a ɗan baje leɓe kamar mai shirin murmushi. Daga wasali zuwa kalma, daga kalma zuwa ƙirga, zuwa karanta jarida, zuwa kiran waya ga wanda bai san ta ba. Inda aka fi faɗuwa shi ne tari da atishawa da dariya da firgita, da amsa kira daga barci. Aikin watanni ne, wanda ya yi gaggawa ya maƙe wuya kuma yakan ƙare da ciwon maƙogwaro. A 2006 Adler da Hirsch da Mordaunt suka fitar da littafin farko na musamman a kan fannin, a 2011 kuma ƙungiyar likitocin da ke kula da masu sauya jinsi ta duniya ta sa babin murya a ƙa'idojinta. A ganina nan ne likitocin fiɗa suka nuna dattako, domin yawancinsu yanzu ba sa ɗaukar wuƙa sai an gwada horo, bayan tiyata kuma su sake mayar da mutum wajen mai horon.

Mai karatu Musulmi zai tambayi hukunci, kuma malamai sun tattauna babban batun da wannan yake ƙarƙashinsa. A 1988, a kan wani ɗalibin likitanci na Azhar da aka yi wa tiyata, Muftin Masar na lokacin, Sheikh Sayyid Ɗanɗawi, ya ba da fatawar cewa aikin ya halatta idan likita amintacce ya tabbatar da larura a halittar mutum, bai halatta don sha'awa kawai ba. A Iran, Ayatullahi Khumaini ya ba da izini mai faɗi fiye da haka a shekarun 1980, shi ya sa ake yin irin waɗannan ayyuka a can a fili. Yawancin majalisun fiƙihu na Ahlus Sunna sun tsaya a kan bambanta mata-maza, wanda ake gyara masa halitta zuwa ɓangaren da ya rinjaya, da mai cikakkiyar halitta. Macen da ciwo ko magani ya ɓata wa murya kuwa, nata neman magani ne kamar kowane.

Ita ce ma nake so in yi wa magana. 'Yar'uwa, idan muryarki ta fara kauri bayan kin girma, kada ki tsaya ga zuma da citta. Shan taba ko shisha yana tara ruwa a tantanin ya yi nauyi, ciwon da ake kira da sunan Reinke. Raunin halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo yana sauke murya. Ƙari a ƙwan mace ko a saman ƙoda yana iya zubo sinadarin maza a jini, sau da yawa tare da gemu da rikicewar al'ada. Wasu magunguna ma, irin su danazol da alluran gina tsoka, suna yin haka, kuma gwargwadon saurin dainawa gwargwadon abin da za a ceto. Dishewa ko kaurin da ya wuce mako huɗu, a kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa, a tafi da kwalayen duk maganin da ake sha. Dubawar ba ta wuce minti biyar, da ɗan madubi irin na García ko siririn bututu mai fitila.